DARASIN NOMA: GARKA CIKIN GIDA DA FANGALI MAI TUDU

Ƴan uwa maza da mata na makarantun yaƙi da jahilci, in kaka ta wuce hatsi yana cikin rumbu. Amma tuwo ba ya tafiya sai da miya. In rani ya yi nisa, ɗanyen ganye yana wuya a ƙauye, sai kuka da busasshiyar kuɓewa. Yaron da ba ya samun ganye da karoti yana iya kamuwa da dundumi, wato rashin gani da dare. Kuma ciwo yana saurin kada shi.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Garake suka yawaita a fadamu da bakin tabkuna. Amma ba kowa ke da fili a fadama ba. Wanda ba shi da shi, yana iya yin ƴar garka cikin gidansa. Darasinmu na yau a kanta yake.

Mine ne fangali mai tudu?

Fangalin da muka saba gani a garka yana ƙasa, an kewaye shi da kunya don ya riƙe ruwa. Fangali mai tudu kuwa, ginawa ake yi bisa ƙasa kamar akwati, a cika shi da ƙasa mai kyau.

Yana da amfani wuri uku: inda ƙasa take fako ko tsakuwa, saiwa ba ta iya shiga, inda ruwa ke kwanciya da damana, da cikin gida inda fili ya yi kaɗan.

Amma mu sani, fangali mai tudu ya fi na ƙasa saurin bushewa. Don haka mai farawa ya yi guda tak. Ƙarami mai shan ruwa kullum ya fi manya biyar da suka bushe.

Zaɓen wuri

1. Wurin ya samu rana kamar awa 6 a wuni.
2. Ya zamo kusa da rijiya ko randa.
3. Kada a yi shi ƙarƙashin icce. Inuwa tana hana shuka girma, saiwar icce kuma tana shanye ruwa da taki.
4. Ya yi nisa da salga da magudanar ruwan wanka.

Gini

Faɗi metir 1, tsawo metir 2, tsayi santimetir 30. Domi faɗi metir 1? Don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba. Ƙasar da aka tattake tana tauri, ruwa da iska ba su ratsa ta.

A fara sassare ƙasar wurin da hauya. Sa'an nan a kewaye da duwatsu ko tubali. In tubalin laka ne, a jingina tsofaffin buhuna a jikinsa daga ciki, don kada ruwa ya cinye shi. Kada a rufe gindin fangali da leda ko siminti, ruwan da ya yi yawa ya samu wurin tsiyayewa.

Wanda ke da rabin tano ko tsohuwar roba babba yana iya aiki da ita. Sai ya huda gindinta wuri da yawa. Amma tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai, kada a shuka abinci cikinsa.

Ƙasa da taki

Nan ne babban aiki. Fangali mai wannan awo yana cin bokiti 30, in bokitin mai litir 20 ne. A zuba bokiti 20 na ƙasar gona mai kyau, da bokiti 10 na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar laka ce mai danƙo, a rage ta, a sa rairayi bokiti 5. A cuɗa su sosai, a tsince duwatsu, da leda, da fasassun kwalabe.

Kada a sa ɗanyen taki. Yana ƙone saiwa, yana kawo ciyawa da gara, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Takin da ya ruɓe baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba shi da wari, ba shi da zafi. In babu shi, a tara kashin dabbobi cikin rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, wata 2 zuwa 3.

In an cika fangali, a ba shi ruwa kwana 3 ko 4 kafin shuka, ƙasa ta zauna.

Mi za a fara shukawa?

Salati da karoti lokacin ɗari suke so, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alayyafo yana jure zafi, ana iya yin shi har bazara.

Alayyafo shi ne mafi sauƙi. Irinsa ƙanana ne, sai a gauraya shi da rairayi a yafa. Bayan sati 3 zuwa 4 an fara cire na miya.

Salati, a fara yafa irinsa a kusurwa guda. In ya yi ganye 4 ko 5, a dasa shi da marece. A bar santimetir 25 tsakanin gindi da gindi. Bayan kwana 30 zuwa 45 ya isa ci.

Karoti ba a dasa shi. A ja layi, santimetir 20 tsakanin layi da layi, a zuba iri kaɗan kaɗan, a rufe da ƙasa ƴar kaɗan. In ya tsiro a rage shi, a bar santimetir 5 tsakani. In ba a rage ba, ƴaƴan ba su yin kauri. Yana kai wajen wata 3.

Tamatir da shu sun fi cin wuri da wahala. A bar su sai hannu ya saba.

Ban ruwa

Sau biyu a wuni, da sassafe da marece. Arozuwar guda mai litir 10 kowane lokaci ta isa fangalinmu. Wanda ba shi da arozuwar, ya huhhuda gindin gwangwani da ƙusa. Kada a kwara ruwa da bokiti, yana tone iri.

Ga yadda ake gane ƙishin fangali: a tura yatsa cikin ƙasa. In ya fito da danshi, ruwa ya isa. In ya fito a bushe, a ƙara. In shuka ta tashi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinta, danshi ya daɗe.

Tsaro

Akuya guda tana iya cinye aikin wata biyu kafin a gama sallar azahar. A yi darni ko shingen ƙaya tun kafin shuka. Kaji da tsuntsaye da ƙadangaru kuwa, a rufe fangali da tsohon sange wanda ya yage. Kada a ɗauko wanda yara ke kwana ciki.

In tsutsa ta kama ganye, a tsince ta da hannu da safe. In ta yi yawa, a daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa litir 10, su kwana. A tace, a yayyafa da marece. Kowane ganye za a ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

In an cire amfani, a ƙara taki bokiti 2 ko 3, kuma a sake abin shuka. In ana maimaita iri guda wuri guda, cutarsa tana zama cikin ƙasa.

Ƴan uwa, da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya iya fangali guda bana, baɗi sai ya yi biyu. Wanda ya ga wani ciwo bai gane shi ba, ya kai ganyen wurin malamin gona.

Tambayoyi da lissafi

1. Domi ba a sa ɗanyen taki?
2. Domi faɗin fangali ba ya wuce metir 1?
3. Fangali ya ɗauki layi 4 na salati, kowane layi gindi 8. Gindi nawa ke nan?
4. Ana ba fangali litir 20 kowace rana. Litir nawa zai sha cikin kwana 30?