Yadda Tauraron Ɗan Adam Ke Auna Ƙurar Hunturu a Kan Tekun Gini

Darasinmu na yau a kan hazo ne, wannan da ke hana jirgi sauka a Kano, yake kuma tayar wa masu asma da ciwo.

Da yawan ƙurar nan daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. Tsakanin Nuwamba da Maris iska na kwaso ta, ta ratsa ta kanmu, ta wuce Legas da Akara, ta bazu a kan teku, tana gauraye da hayaƙin ƙonar daji.

Hukumar NASA ta harba tauraron Terra a 1999, da Aqua a 2002, kowanne ɗauke da na'urar MODIS, a nisan kilomita kusan 700. Na'urar ba ta taɓa ƙurar, haske kawai take aunawa. Ruwan teku mai zurfi duhu gare shi, yana shanye yawancin hasken rana. To idan haske ya dawo sama fiye da kima, ƙura ko hayaƙi ne suka maido shi. Daga nan manhaja ke fitar da lambar da ake kira AOD: ƙasa da 0.1 sama garau take, daga 1 zuwa sama hazo ya yi kauri.

Bakin teku ne ke ba masu rubuta manhajar ciwon kai. Ruwan wurin ba shi da zurfi, ga lakar da Kogin Neja ke zubarwa, sai ya yi haske, manhaja ta zaci ƙura ce. Shi ya sa ake cire irin waɗannan wurare daga lissafi, haka ma inda gajimare ya rufe ko rana ta yi ƙyalli a kan ruwa. Ana kuma gwada sakamakon da na'urorin ƙasa na AERONET, akwai ɗaya a Ilori.

Amma ka kula, AOD jimillar ƙurar da ke tsakanin ƙasa da sama ce, ba wadda hancinka ke shaƙa kaɗai ba. Kada mai asma ya dogara da ita shi kaɗai wajen yanke shawarar fita.

Don ka gani da idonka, buɗe shafin NASA Worldview a wayarka, ka taɓa "Add Layers", ka nemo "Aerosol Optical Depth". Zaɓi wata rana a Janairu, sannan ka koma Agusta. A Agusta za ka tarar da giɓi da yawa, aikin gajimaren damina ne. Shafin yana shan data, gara ka bari sai ka samu Wi-Fi.