Amsoshin Tambayoyinku: An Rage Ni Daga Aiki, Ina Mafita?

Wani mai sauraronmu daga Kebbe ya rubuto cewa kamfanin da yake wa aiki ya rage ma'aikata, har da shi. Yana tambayar ta ina zai fara.

To Malam, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Kafin komai, karɓi takardar sallama a rubuce, domin da ita za ka nemi haƙƙinka. Idan ana cire maka kuɗin fansho, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar karɓar kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa, muddin ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba. Da yawa ba su san wannan ba. Je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka da takardar.

Kada ka ɓoye wa iyali, kuma kada kunya ta zaunar da kai gida. Faɗa wa abokai da 'yan'uwa a Tambuwal da Sakkwato kana neman aiki. Sau da yawa ta bakin mutane ake jin gurbi. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa (NDE) kuma tana koyar da sana'o'i, tana da ofis a Sakkwato. Idan akwai fadamar gida, noman rani zai riƙe ka kafin ka samu wani aiki.