Darasi: Wane Irin Daɓe Ya Dace da Gida Mai Yara da Kare?



Idan kaka ta yi, aka ɗaure gero, aka sayar da wake da gyaɗa da riɗi, sai hankalin magidanta ya koma kan gyaran gida. A Dantchiao da sauran garuruwan gundumar Magariya da ta Dungas, a lokacin ne ake buga tubali, a sake rufi, a yi wa bango yaɓe. Amma akwai wuri guda da aka cika mantawa da shi, wato ƙasan ɗaki. Ga shi kuwa a nan ne jariri ke kwanciya, a nan yake rarrafe, a nan yake tsintar abu ya kai baki.

Yanzu mutane suna ganin hotunan gidajen Turai a wayar salula, ƙasan ɗaki shimfiɗe da katako sai sheƙi yake yi. Wani zai ce: "Ni ma in na samu hali, irin wannan zan yi." Darasinmu na yau zai duba wannan magana. Wane daɓe ne ya dace da gidan da ke da ƙananan yara, ga karen gadi, ga kaji, ga awaki?

Me ke ɓoye a cikin rairayin ɗaki?

Ƙasarmu jigawa ce, shi ya sa ɗakuna da yawa rairayi kawai ake zuba musu. Rairayi yana da laushi, ba a kuma sayen sa. Sai dai ba ya wankuwa. Idan yaro ya yi fitsari ko kashi, a kan kwashe na sama, sauran ya nutse. Idan kaza ta shiga ta yi kashi, haka. Idan an shigo da takalmi daga bayan gida, haka.

A cikin irin wannan ƙazanta ne ƙwayayen tsutsar ciki ke zama. Ido ba ya ganin su. Macen macijin ciki guda ɗaya tana iya yin ƙwai kamar 200,000 a rana, suna fita tare da kashin mutum. Ƙwayayen nan suna iya yin watanni, har shekaru, a cikin ƙasa ba su mutu ba. Yaro ya dafa ƙasa, ya sa hannu a baki, shi ke nan sun shiga. Akwai kuma wata tsutsar da ke huda fatar ƙafa idan ana tafiya ba takalmi. Ita wannan jini take sha a cikin hanji.

Yaron da ke da tsutsa yana ci amma ba ya ƙiba. Jininsa yana raguwa. Idan gudawa ta haɗu da wannan, tamowa ba ta da nisa. Kowa ya san yadda asibitin Magariya ke cika da yara idan damina ta yi nisa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa. Yaron da ya shiga damina da isasshen jini ya fi ƙarfin jure wa ciwo.

Abin da aka gani a wata ƙasa

A ƙasar Meziko, can nahiyar Amurka, hukumar wata jiha mai suna Kowawila ta fara zuba wa talakawa daɓen siminti a gidajensu a shekarar 2000. Daga baya masana suka gwada lafiyar yaran waɗannan gidaje da ta yaran makwabtansu masu zama a kan turɓaya. Sun bayyana sakamakon a shekarar 2009. Inda aka daɓe gida duka, ƙwayoyin cutar hanji sun ragu da kashi 78 cikin 100. Gudawa ta ragu da kashi 49 cikin 100, wato kusan rabi. Ƙarancin jini ya ragu da kashi 81 cikin 100. Ba magani aka raba ba, ƙasan ɗaki aka gyara.

Tambayoyi huɗu kafin a zaɓa

Kafin ku kashe kuɗinku, ku yi wa kowane irin daɓe waɗannan tambayoyi:

1. Yana sharuwa, yana kuma wankuwa?
2. Yana da tsagar da ƙuma da kuɗin cizo da kunama za su ɓuya?
3. Zai jure wa fitsarin yaro, da faratan kare, da laimar damina?
4. Idan ya lalace, akwai mai gyara shi a garinmu?

Katako

Daɓen katako al'adar ƙasashe masu sanyi ce, irin su Faransa da Kanada, inda dazuzzuka suke da yawa, ƙafa kuma tana bukatar ɗumi. A wurinmu yana da abokan gaba huɗu.

Na farko gara. Kowane manomi ya ga abin da take yi wa ƙafar rumbu. Katakon da ya kwanta a kan ƙasa abincinta ne. Tana ci daga ƙarƙashi, ba a sani ba sai ƙafa ta burma.

Na biyu sauyin yanayi. Katako yana shan laima da damina ya kumbura. Idan hunturu ya zo, iska ta bushe, sai ya tsuke. Tsakanin allo da allo ya buɗe, ƙura da ɓurɓushin tuwo su cika wurin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku fitsari da ruwa. Katako yana tsotse su, ya yi baƙi, ya riƙa wari. Ba a kwara masa ruwa a wanke.

Na huɗu faratan kare da yashin da ke manne a ƙafa. Suna kankare man da aka shafa a sama, har itacen ya fito fili. Daga nan sartse yana iya shiga gwiwar mai rarrafe.

Ga kuma tsada. Katako mai ƙwari daga kudu ake kawo shi, kuɗin mota ma abin dubawa ne. Kada kuwa wani ya ce zai sare itacen gona ya yi allo. Gawon da ya cika gonakin Magariya da Matamai da Mirya, manoma ne suka rene shi da hannunsu tun daga shekarun 1980, har labarin ya kai duniya. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani, doka kuma ta kare shi. Gawo a tsaye ya fi gawo a kwance amfani.

Wanda yake da hali, ya kuma nace sai katako, to ya kiyaye abu biyar. Ya fara zuba siminti a ƙasa, kada katako ya taɓa turɓaya. Ya sayi itace mai ƙwari wanda ya bushe sarai. Ya bar ɗan fili kamar santimita 1 tsakanin katako da bango, saboda kumburi. Ya sa kafinta ya goge shi ya shafa masa man katako, a riƙa sabuntawa. Kada kuma a shafa masa baƙin man mota don korar gara, domin dafi ne ga yaron da ke lasar hannu.

Shawararmu ita ce a kai katako inda ya fi amfani: gado, da benci, da kantar ajiye kwanonin abinci, da ɗan ƙyaure gajere a bakin ƙofa wanda zai tare kare da kaji.

Daɓen gargajiya

Kakanninmu ba su jira siminti ba. Mata su kan yi gayya, a zuba jar ƙasa da burji, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa. Sa'an nan a jiƙa makuba, wato ɓawon ƴaƴan ɗorawa, ko kuwa bagaruwa, a yayyafa ruwan a sake bugu. Daɓen ya yi tauri, ya yi duhu, ya yi sumul.

Wannan daɓe ya fi rairayi nesa ba kusa ba. Yana sharuwa tas, ana kuma iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan aikinsa na gida ne. A wurin da yashi ya yi yawa, sai a ɗebo ƙasa mai danƙo daga bakin tafki ko fadama. Rauninsa shi ne ba ya son ruwa mai yawa, kuma yana fashewa in ya tsufa. Duk tsagar da ta fito a like ta nan da nan. Kada a cuɗa kashin shanu a ƙasar daɓen ɗakin yara.

Ba mu kaɗai ne muka san darajar wannan aiki ba. A ƙasar Ruwanda, tun shekarar 2014 wata ƙungiya mai suna EarthEnable take yi wa mutanen karkara daɓen ƙasa, tana shafe shi da wani mai da ke bushewa ya hana ruwa shiga.

Siminti

Daɓen siminti shi ne ya amsa tambayoyin nan huɗu duka. Gara ba ta cin sa, faratan kare ba sa yi masa kome, ana wanke shi da ruwa da sabulu, magina kuma suna nan a kowane gari. Amma sai an yi shi da kyau. Ga yadda ake yi:

1. A kwashe rairayin sama. A cika ɗaki da ƙasa mai ƙarfi ko tsakuwa, a jiƙa, a daddaɓe sosai.
2. Ƙasan ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu da kamar taƙi ɗaya, don kada ruwan sama ya shigo.
3. A auna: bokiti 1 na siminti, bokiti 2 na yashi mai tsabta, bokiti 3 na tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa a kwaɓin.
4. Kaurin daɓe ya kai santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku.
5. A shafe saman ya yi sumul, a ɗan karkata shi wajen ƙofa don ruwan wanki ya fita.
6. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. A rufe shi da tsofaffin buhuna. Siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28.

Wanda ya rage siminti don ya rage kuɗi, baɗi zai sake aiki. Araha ba ta ado. Lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan aiki, domin zafin bazara yana busar da siminti da sauri ya tsattsage. Da hunturu daɓen siminti yana da sanyi, saboda haka a shimfiɗa wa yara tabarma, a kuma riƙa shanya ta a rana.

Idan kuɗi bai isa gida duka ba, a fara da ɗakin da uwa da yara ke kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Tayil da leda

Tayil, wanda wasu ke kira karo, yana wankuwa ƙwarai, sai dai tsada. Mai sheƙi yana da santsi in ya jiƙe, yaro ko tsohuwa suna iya faɗuwa. A zaɓi mai ɗan kaushi. Ledar shimfiɗa kuwa tana da kyau a kan siminti. A kan rairayi tana yagewa, laima da ƙwari su taru a ƙarƙashinta. A riƙa ɗaga ta ana sharewa.

Wurin kare

Kare yana gadin gida da garke, yana da hakki a kanmu. Amma wurinsa ba ɗakin yara ba ne. A yi masa inuwa a gefe guda, da kaskon abincinsa da na ruwansa dabam. Kashin kare, musamman na ƴan kwikwiyo, yana ɗauke da ƙwan wata tsutsa mai cutar da yara. A kwashe shi kullum da safe a binne. Ƙuma da kaska ma suna biyo jikinsa.

A kai kare wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allurar rigakafin hauka, a ba shi maganin tsutsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kuma 4 cikin 10 na masu mutuwa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita a ranar. Kada a jira a ga alama, domin in alama ta fito magani ya ƙare.

Daɓe kaɗai ba ya isa

A share ɗaki kullum, a wanke shi ko sau ɗaya a mako. A cire takalmi a bakin ƙofa. A zuba kashin yaro a masai. A wanke hannu da sabulu kafin a ba yaro abinci. Yaron da ya cika shekara 1 a karɓar masa maganin tsutsa idan ma'aikatan lafiya sun zo rabo. Wannan aiki na maigida ne da uwargida baki ɗaya: shi ya kawo siminti, ita ta tsare tsabta, kowa kuma ya taimaki ɗan'uwansa. Rigakafi ya fi magani.

Aikin lissafi

Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, filinsa 4 × 3 = 12. Irin wannan ɗaki yana cin siminti buhu 4 zuwa 5, kowane buhu kilo 50.

1. Kilo nawa ne buhu 5?
2. Ku auna ɗakinku. Tsawo sau faɗi nawa ya ba ku?
3. Ku tambayi kuɗin buhun siminti ranar kasuwa. Tiya nawa ta wake za a sayar a sayi buhu 5?

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke lalata daɓen katako a ƙasarmu?
2. Su wa suka iya daɓen makuba a garinku? Yaya za a yi ƴan mata su koya daga gare su?
3. Magidanta nawa ne za su iya haɗa adashi, a daɓe ɗaki ɗaya kowane wata?

Ku karanta wa makwabtanku wannan darasi. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.