Darasi: Ma'aunin da Ake Bi Wajen Ba da Tallafin Karatu

Ɗalibai, ku fito da littattafan rubutu. Darasinmu na yau na awo ne: da wane ma'auni hukuma ke zaɓar ɗalibin da za ta ɗauki nauyin karatunsa?

Mu fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Tallafin karatu, wato sikolashif, kyauta ne. Irinsa ne hukumar tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ke bai wa 'yan jiha, haka ma ta tarayya, da asusun PTDF da aka kafa a 1973 domin fannin man fetur. Na NELFUND kuwa, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, bashi ne. Babu kuɗin ruwa, amma ana soma biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa.

Matakin farko takardu ne: sakamakon WAEC ko NECO, takardar samun gurbi, lambar NIN, da shaidar asali daga ƙaramar hukumar Isa ko Sabon Birni. Ku duba sunanku harafi-harafi. Idan takarda ɗaya ta ce Abubakar, ɗaya ta ce Garba, mu a nan mun san mutum guda ne, amma kwamfuta ba ta sani ba. Kuma yawancin cikewar ta intanet ake yi. Kun tuna yadda aka katse layukan waya a yankinmu a 2021 saboda 'yan bindiga. Don haka ku adana hotunan takardunku a waya tun kafin a buɗe shafi. Yana ci mini rai in ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya rasa dama saboda rashin sabis.

Mataki na biyu shi ne zuciyar darasin, wato matsakaicin maki da ake kira CGPA. A tsarin maki biyar, A na da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Sai a ninka makin kwas da nauyinsa, a tara duka, a raba da jimillar nauyin.

Ku kalli allo. Ɗaliba a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ci A a Kemistiri mai yunit 3, ya zama 15. Ta ci C a Fiziks mai yunit 3, ya zama 9. B a Lissafi mai yunit 2 ya ba da 8, D a Turanci mai yunit 2 ya ba da 4. Jimilla 36, a raba da 10, an sami 3.6. Da hukuma za ta yanka a 4.0, ta faɗi ƙasa. To, da Fiziks ɗin nan A ta ci, jimilla ta koma 42, makinta 4.2. Kwas ɗaya mai nauyi ya tsallakar da ita.

Ku lura da F. Ba ya ƙara komai a sama, amma nauyinsa na nan a ƙasa ana raba makinku da shi. Tunda tarawa ake yi zango bayan zango, raunin aji ɗaya yakan bi ɗalibi har ajin ƙarshe, kuma masu ba da tallafi da yawa sukan sake duba makin kafin su sabunta.

Aikin gida: ku mayar da B ɗin Lissafi F, ku lissafa sabon makinta, ku kawo ranar Litinin.