Ciwon Maƙoƙo: Wane Likita Za A Fara Gani?

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. To, ga wata tambaya da kan rikita iyayenmu: idan maƙoƙo ya fito wa mutum, wurin wane likita zai nufa? Likitan da ke duba kowace irin cuta, ko kuwa gwanin da ya ƙware a kan wannan ciwo?

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da ƙarfin mutum. Tana bukatar aidin don yin wannan aiki, in ta rasa sai ta kumbura. Shi ya sa a 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta sanya aidin cikin gishiri.

Amma ba kowane ciwonta ne ke zuwa da kumburi ba. In aikinta ya yi rauni, mutum zai ji kasala da yawan sanyi, ya yi ƙiba, fatarsa ta bushe. In aikin ya wuce kima, sai ya rame alhali yana cin abinci sosai, ga zufa, ga rawar hannu, ga faɗuwar gaba.

A ganina, likitan kusa shi ne ƙofar farko. Wanda ke cikin birni ya je Babban Asibitin Katsina, a duba shi, a auna jininsa. In raunin aiki ne kawai, wannan likita ya isa. Zai rubuta ƙwaya guda da ake sha kullum da safe, ya sake auna jini bayan mako 6 zuwa 8 har ya daidaita ta. Ga sauƙin kuɗi, ga shi ya san maras lafiya da sauran cututtukansa.

Amma akwai inda ba makawa sai gwani. Idan ƙullutun ya yi tauri yana girma, ko murya ta dusashe, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko idanu suka firfito, to a nemi takardar turawa ba tare da jinkiri ba. Haka kuma mace mai ciki da ƙaramin yaro. Ana tura irin waɗannan zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, ko na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake ɗaukar hoton wuya, a yi fiɗa in ta kama.

Iyaye, don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga, gama manyan jijiyoyin jini suna nan kusa. Kada kuma a daina shan magani don an ji sauƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan kusa ya fara, gwani ya taimaka, mu kuma mu bi umarni. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.