Darasi: Burbushin Roba Cikin Man Girki

Burbushin roba, wato ƙwayoyin da girmansu bai kai milimita 5 ba, yakan shiga man girki daga jarka, gora ko leda, musamman idan an bar su cikin rana. A kasuwanninmu kuwa, cikin tsofaffin gorunan ruwa ake ɗura man gyaɗa da manja, saboda arha. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan sun gano burbushin cikin jinin ɗan Adam. A 2024 wani nazari a Italiya ya danganta taruwarsa a jijiyar wuya da ƙarin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kwalba ta fi aminci, sai dai tsadarta a kan mai saye za ta faɗa.