Lauya da Rigimar Riƙon 'Ya'ya

Bayan saki, uba yakan je wa lauya yana neman a ƙwato masa 'ya'yansa. Wajibi ne lauya ya gaya masa gaskiya tun ba a shiga kotu ba. A mazhabar Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, uwa ce ta fi cancanta da riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwar ta auri bare, riƙon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba duk inda suke. To, in uban ya nemi a ƙaga wa matar aibi don a karɓe su, sai lauya ya janye, domin aya ta 105 cikin Suratun Nisa'i ta hana tsaya wa maha'inta.